Asusun Mutum-mutumi

Famfon garinmu ya yi wata bakwai bai ce uffan ba.
Mai gyara ya zo daga Daura, ya leƙa, ya yi tsaki,
ya rubuta kuɗinsa a bayan kwalin ashana:
dubu ɗari da tamanin.
Sau biyu muna karo-karo,
abin da ya taru ko bututu bai saya ba.

Iro tela ne ya kawo dabarar, muna gindin bedi.
Ya ce gero ya fid da kai, jan-baki na hanya,
dama kowa zai kafa mutum-mutumi a gonarsa.
To a jera su bakin hanya,
daga mahauta har kasuwar Laraba,
a aje asusu gaban kowane.
Wanda ya ba ka dariya, ka biya shi.

Liman ya ce ban da ido, ban da hanci, ban da baki.
Muka ce mun ji.
Ƙoƙo a kife ya isa kai,
sauran bayani riga za ta yi.

Ni aka miƙa wa littafi,
wai don hannuna ba ya rawa in ya ga kuɗi.

Ashirin da uku suka tsaya ran Laraba.
'Yan acaɓa sun ɗora wa nasu fasasshiyar hular kwano.
'Yan aji biyar sun yi malaminsu na lissafi,
wando ya ɗage, guntun alli a aljihu.
Malamin ya zo, ya daɗe tsaye,
ya gyara masa wuyan riga,
ya saka ɗari biyu, ya wuce bai dubi kowa ba.

Na Mati mahauci kuwa,
babbar riga ta buhun taki,
tumbi na ƙaiƙayi,
hannu ɗaya a sama yana gaida jama'a.
Ba a rubuta suna ba, ba wanda ya tambaya.
Damina uku ke nan da ya tsaya a nan
ya yi mana rantsuwa da ruwa.
Tsofaffi na durƙusawa:
ranka ya daɗe, ina famfo?
Su jefa hamsin, su tashi suna share hawayen dariya.
Kafin azahar asusunsa ya ƙi karɓa,
sai tulu muka kawo.
Bai taɓa yi mana aiki kamar ranar ba.

Can ƙarshe, inda hanya ta karya kwana,
gonar Hansai.
Sanda biyu kawai ta gitta,
ta sa musu taguwar Barau,
Barau mai haƙar rijiya, da muka kai bara war haka.
Gugansa na rataye a kafaɗa.
Iska ta shiga taguwar ta cika ta,
kafaɗar hagu ta ɗan karkace
yadda yake yi in ya taso daga aiki.
Wani baƙo daga Zango ya yi masa sallama
kafin ya ankara.
Nan dariya ta tsaya.
Ba ta aje asusu ba,
cikin gugan aka riƙa sakawa,
ba mai kallon hannun wani.

Da dare muka ƙirga da fitilar waya:
dubu ɗari da sittin da uku,
maɓalli biyu, goro ɗaya,
da wata ashirin da ɓera ya ci kusurwarta.
Saura sha bakwai.
Iro ya ce Laraba ba ta ƙare ba.

Jan-bakin sun iso ran Juma'a,
suka sauka bisa tumbin mai babbar riga
suna tsattsage ƙaiƙayin.

Hadari ya haɗo da la'asar.
Ina komawa gida na hangi Hansai
ta cire taguwar, tana ninkewa a ƙirji.
Ta ce, in an ɗauke zan maido,
bai son kwana da jiƙaƙƙen kaya.